Idan ciwon daji ya wuce warkewa, wa ke riƙe da ma'auni?

Ranar da sakamakon sikanar ya fito, mu uku muka je asibiti a Yamai: ni, da babbar ɗiyar gwaggona, da Gwaggo ita kanta. Mu biyu aka kira cikin ofis. Ita aka bar ta bisa benci a baranda, ta rungume ledar takardunta tana kallon masu wucewa. Likitan mutumin kirki ne, bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mana: ciwon da ya fara a nono ya isa ƙashin baya, ya isa hanta. Da Faransanci ya yi bayanin, a hankali. Ya ce maganar warkewa ta wuce, amma akwai sauran abin da za a iya yi. Da muka fito Gwaggo ta ɗaga kai ta ce, "Mi yac ce?" Ɗiyarta ta riga ni buɗe baki: "Ya ce da sauƙi, Inna. Magani za a ƙara." Ni kuwa na gyaɗa kai.

Daga wannan gyaɗa kai zuwa rasuwarta wata bakwai ne. A cikinsu an yanke shawarwari masu nauyi: a fara shimiyo (maganin daji mai ƙarfi da ake ɗaurawa ta jijiya), a sayar da tumaki, a ba da gona jingina, a sake wani zagaye. Ɗanta da ke bida a Abija ta ƙasar Kodibuwa ya yanke wasu ta waya, ƙanen mijinta ya yanke wasu daga Tawa, ni ma na sa baki tunda a gidana ta sauka. Mutum ɗaya ne ba mu taɓa zaunar da shi muka ce "me kike so?" ba. Ita ce mai jikin.

Mu Hausawa "da sauƙi" ce amsarmu ko da mutum yana kan gargara, kuma ban raina wannan ladabi ba. Sai dai akwai ranar da ake bukatar lissafi, kuma lissafi ba ya yiwuwa da "da sauƙi". Abin da ya sa wannan lissafin ke rikita mutane shi ne magani ɗaya ne ake bayarwa da niyya biyu daban. Ruwan shimiyo da ake ɗaura wa matar da aka cire wa ƙullutu tun yana ƙarami, domin a kashe ɓurɓushin da ya rage ta warke sarai, sau da yawa shi ne dai ake ɗaura wa wadda ciwonta ya riga ya yaɗu. Kujera ɗaya, allura ɗaya, zubewar gashi ɗaya. Ta farko tana sayen shekaru, wataƙila sauran rayuwarta duka. Ta biyu tana sayen watanni, ko rangwamen ciwo, wani lokaci ma ba ta sayi komai ba. In ba a faɗa wa mutum a wane layi yake ba, zai ɗauka yana na farko, domin haka zuciya take.

Kada a ce jahilcinmu ne. A Amurka, inda majinyaci ke zama gaban likita a yi masa bayani da harshen uwarsa, wani bincike da aka buga a 2012 ya bi mutum kusan 1,200 masu ciwon dajin huhu ko na hanji wanda ya riga ya yaɗu, dukansu suna shan shimiyo. Kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon huhu, da kashi 81 na masu ciwon hanji, ba su fahimci cewa maganin ba zai warkar da su ba. To ina ga tsohuwar da ta fito daga ƙauyen Adar, aka yi bayaninta da Faransanci tana bayan ƙofa?

A nan dole in ja birki, domin maganar tana iya faɗawa kunnen da bai kamata ba. Ba kowane ciwon daji ne ajali ba. Na nono da na bakin mahaifa, waɗanda suka fi cin matanmu, ana warkewa daga gare su in an zo da wuri. Akwai ma waɗanda ake warkewa ko sun yaɗu: na ƴaƴan maraina, da wasu na kaluluwa, har da wanda ke kumbura muƙamuƙin yara. Mai irin wannan in ya gudu daga shimiyo don tsoron amai, ya yi babbar asara. Ko cikin masu ciwon nono da ya yaɗu, akwai waɗanda ƙwayar tamoksifen, wadda ake haɗiya a gida kuma ba ta da tsada, ke riƙe musu ciwon tsawon lokaci, in awo ya nuna irin nasu mai jin wannan magani ne. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa likita, a fili, ita ce: "Dokta, wannan maganin na warkarwa ne, ko na jinkirtawa?" Duk abin da zan faɗa daga nan ya shafi wanda aka ba shi amsa ta biyu.

In an ce magani na ƙara wa mutum, a misali, wata uku, ba alkawari aka yi masa ba. An jera majinyata ne daga wanda ya fi saurin tafiya zuwa wanda ya fi jimawa, aka ɗauki na tsakiya, aka gwada shi da na tsakiyar waɗanda ba su sha ba. Wani zai samu shekara, wani ba zai samu ko mako ba, wani maganin ne ma zai kwantar da shi. Babu likitan da ya san inda kai za ka faɗa a wannan jeri. Su kansu likitocin idonsu kan yi musu gizo. A wani bincike da aka buga a shekara ta 2000 an tambayi likitoci 343 a Amurka su ƙiyasta kwanakin da suka rage wa majinyata 468 da suka kai ƙarshe. Ɗaya cikin biyar na ƙiyasin ne kawai ya yi kusa da daidai, kuma a jimlace sun ninka kwanakin wajen sau biyar. Abin da ya fi ba ni mamaki: gwargwadon daɗewar likita da majinyacinsa, gwargwadon kuskurensa. Sabo kan rufe ido. In haka ne ga likita, ɗan da ya sha nono fa?

Wannan gefen riba ke nan. Gefen kuɗin da ake biya shi ne mu a nan muka fi sani, amma ba mu cika ƙirga shi duka ba. Mukan ƙirga jikkunan da suka fita, mu manta da kwanakin da suka fita.

Ga yadda mako uku na Gwaggo suke tafiya, tunda duk mako uku ake ɗaura mata. Kwana biyu kafin ranar, awon jini. In jinin ya yi ƙasa, a ɗaga, a nemo mai ba da jini cikin dangi ko abokan aiki. Ranar ɗaurawa mu fita tun asuba mu dawo bayan la'asar. Kwana huɗu zuwa biyar da ke biye, tana kwance, ko ƙanshin tafasa ba ta iya shaƙa, matata ta mayar da girki bayan gida. Bakinta ya yi gyambo, fura ma da ƙyar. Mako na biyu ƙarfi ya fara dawowa, amma shi ne lokacin da garkuwar jiki ta fi faɗuwa, ana hana jikoki matsowa kada su sa mata mura. Sai a mako na uku take zama bisa tabarma ta yi hira, ta tsince wake, ta yi wa yarana faɗa. Kwana shida ko bakwai ke nan na mutum cikin ashirin da ɗaya. Sauran na magani ne.

Su ma waɗannan kwana bakwai ba a gidanta take yin su ba. Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, yini guda cur a mota. Mai ciwon ƙashin baya ba ta yin wannan hanya duk mako uku, sai dai ta tare. Tarewa kuwa tana nufin ɗakin baƙi a gidan ɗan ɗan'uwa, cikin unguwar da maƙwabta ke Zabarmanci, babu ƙawayen da aka yi aure shekara ɗaya, babu mai leƙowa ta katanga ta ce "kin tashi lahiya?" Ɗiyarta ta bar miji da yara huɗu ta zo jinya. Wannan duk farashi ne, ko da ba ya bisa takardar farmasi.

Tun 2007 gwamnatin Nijar ta sa ciwon dajin mata cikin cututtukan da ake kulawa da su kyauta, kuma a 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gasa ciwon daji da na'urar haske, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan mai bukatar gashin sai ya tsallaka iyaka, masu hali su nufi Maroko ko Tunisiya, mutanen Ƙonni da kewaye su gangara Sakkwato. Ci gaba ne na gaske. Amma kyauta ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta noma gonar da aka bari. Namiji mai ciwon dajin hanta ko na mafitsara kuwa wannan doka ba ta ambace shi ba.

Akwai wani ma'auni da likitocin wannan fanni ke dubawa, wanda ba ya bukatar na'ura, kuma mai jinya ta fi kowa saninsa. Mutum yana tashi da ƙafarsa? Yana zagayawa da kansa, yana alwala da kansa? In aka cire barcin dare, fiye da rabin yininsa a tsaye yake yi ko a kwance? Wanda ya kai ga kwanciya fiye da rabin yini, galibi shimiyo ba ta ƙara masa komai sai wahala, domin jikin da zai ɗauki dukan maganin ya riga ya ƙare. Wani bincike na 2015 ya ma nuna abin da ba a zata ba: cikin waɗanda suka rage saura watanni kaɗan, masu sauran ƙarfi da aka ci gaba da ba su shimiyo sun fi shan wuya a makonsu na ƙarshe bisa ga takwarorinsu da ba a ba su ba. Wato ɗan ƙarfin da ya rage musu, wanda za su yi zumunci da ibada da shi, magani ya cinye. Abin lura na biyu: in zagayen farko na magani bai tsayar da ciwo ba aka koma wani iri, damar cin nasara takan ragu, in aka je na uku ta ƙara raguwa, illa kuwa ba ta raguwa. Shi ya sa mai hankali kan yi sharaɗi tun farko: za mu gwada sau biyu ko uku, a sake hoto, in ciwon bai ja baya ba mu sake zama. Mu ba mu yi wannan sharaɗi ba. Mun shiga ne kamar mai shiga kogi da dare.

Duk wannan lissafi, in gaskiya za a bi, yana da wani rami a ƙasarmu. Ana auna abu biyu ne in kowanne yana da nauyi. A wurinmu in likita ya ce "ku koma gida", abin da dangi ke ji shi ne "ku je ku ji da shi". Gida babu maganin ciwo mai ƙarfi, babu ma'aikacin lafiya da zai leƙo, babu wanda ya koya maka yadda ake juya mara lafiya kada bayansa ya ƙuje. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da mai ciwon daji ke kuka har asuba, maƙwabta na toshe kunnen yara, ya san dalilin da ya sa mutane ke manne wa asibiti. Da yawa ba don sun yarda da shimiyo suke ci gaba ba. Suna ci gaba ne domin muddin ana ɗaura ruwa, akwai mai farar riga da ke duban nasu. Wannan giɓin ne kuma masu tallar magani da lasifika ke cikewa, su da ba su taɓa cewa wani ciwo ya fi ƙarfinsu ba. Na ga gyambon nono da aka shafa wa wani haɗi mai ƙuna har ya zama rami.

Alhali jinyar sassauci, wato rage wa mara lafiya raɗaɗi da wahala ko da ciwon ba ya warkewa, fanni ce mai zaman kanta, da ƙa'idojinta. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan farko na zamani don wannan aiki a Landan a 1967, kuma ita ta nace cewa ciwon mai mutuwa ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da ta ruhi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin raɗaɗi: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi, in bai yi ba a hau zuwa morfin. Sharaɗin shi ne a sha ta baki, a kan lokaci, kamar yadda ake kiyaye lokutan salla, ba sai ciwo ya taso ana birgima ba. Da wannan tsari mai sauƙi ana kwantar da raɗaɗin mafi yawan masu ciwon daji.

Morfin ba shi da tsada. Tsoro ne ya tsare shi. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na morfin da ake rarrabawa. Mu nan muna da dalilin tsoro, mun ga abin da tramol ya yi wa samarinmu. Amma abin takaici ne a ce ɗan kabu-kabu ya fi tsohuwa mai ciwon ƙashi sauƙin samun ƙwaya. Mai ciwon daji da ke shan morfin bisa awon likita ba maye yake nema ba, kuma maganin, in an hau da shi a hankali, ba ya gaggauta ajali kamar yadda ake raɗe-raɗi. Illarsa da aka sani ita ce taurin ciki, wanda ake haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko, da gyangyaɗi na ƴan kwanaki. Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki da nisa ba, ta nuna hanya. A 1993 Dokta Anne Merriman ta fara aikin a Kampala, ana dama garin morfin da ruwa a zuba a kwalba a ba majinyaci ya tafi gida. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, tunda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. In da kwalbar nan tana samuwa a asibitocin Illela da Keita da Buza da Madawa, da "ku koma gida" ta sake ma'ana.

Sauran dabarun ma ƙanana ne. Gyambo mai wari, a niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa bayan an wanke, warin ya faɗi, baƙi su daina tsayawa bakin ƙofa. Ƙashin da ciwo ya ci, sau da yawa gashi ɗaya tak da na'urar haske kan rage raɗaɗinsa, ba sai an yi makonni a Yamai ba. Cikin da ya tara ruwa, a zuƙe shi mutum ya yi numfashi. Waɗannan duk magani ne. Wanda ya bar shimiyo bai bar magani ba.

Har ma akwai alamar cewa sassauci ba ya rage kwana. A wani asibiti na Boston, an raba mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu gida biyu. Duka ana ba su maganin daji, amma rabi an haɗa su da masu jinyar sassauci tun da wuri. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna waɗannan sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi ƙarancin baƙin ciki, kaɗan ne cikinsu suka nemi magani mai tsanani a kwanakin ƙarshe, kuma duk da haka na tsakiyarsu ya yi wata 11.6, na ɗaya ɓangaren 8.9. Asibiti ɗaya ne, ciwo iri ɗaya, ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya isa ya girgiza tunanin nan na cewa wanda ya fi shan wuya shi ya fi daɗewa.

Yayana na Abija, ɗan Gwaggo, hujjarsa ta addini ce: Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, don haka barin magani yanke ƙauna ne. Hadisin ingantacce ne. Amma malamai ba su ɗauke shi a kan cewa kowane magani wajibi ne a kowane hali ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta rarrabe: neman magani yana wajaba in barinsa zai kai ga halaka, yana zama abin so, yana zama halal kawai, yana kuma zama makaruhi in ana tsoron illarsa ta fi cutar. Ta ƙara da abin da mu muka tsallake, cewa in mara lafiya yana cikin hankalinsa, sai da izininsa. Addini ya hana a kashe rai, ya hana mutum ya yi burin mutuwa don wuya. Bai tilasta wa tsohuwa ta ƙare kwanakinta tana amai a garin da ba nata ba.

Ina ganin abin da ke ƙarƙashin hujjar Yaya ba fiƙihu ba ne. Shekara shida bai zo gida ba. Kuɗin da yake turowa su ne hannunsa da ke taɓa uwarsa. Ka ce masa a daina, kamar ka ce ya janye hannun. Ga kuma bakin duniya: "suna da hali suka bar ta ta mutu." Adar cike take da irin wannan gida, inda mai biyan kuɗi yana nesa, mai wankin zane tana kusa, kuma muryar mai biya ta fi ƙarfi. Wanda ke nesa "a yi komi" yake cewa, domin bai ga daren jiya ba.

Akwai kishiyar wannan, kuma ta fi muni. Wani gidan, da zarar an ji sunan ciwon, sai a fara wa'azin haƙuri da tawakkali, a naɗe tabarma a koma ƙauye, alhali ciwon irin mai jin magani ne. In ka duba da kyau, sau da yawa mai ciwon mace ce, ko tsoho da ya daina kawowa. Duk abin da na rubuta a sama ana iya karkatar da shi a yi wannan zalunci. Kuma ba kowa ne zai zaɓi abin da Gwaggo ta zaɓa ba. Mace mai shekara talatin da biyar da goyo a baya, wadda wata uku ke nufin ta yaye ɗanta da hannunta, tana iya cewa a ɗaura mata ko me zai biyo baya, kuma ba wanda ya isa ya ce ta yi kuskure. Wani yana son ya kai aikin Hajji, wani yana son ya ga auren auta, wani ba ya son komai sai ya kwana bai ji ciwo ba. Likita ya san abin da magani ke iya yi. Abin da kwanakin suke da shi na daraja kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce faɗa wa mara lafiya gaskiya karya masa zuciya ne, kuma ba ɗabi'armu ba ce. Akwai gaskiya a ciki. Ba a shiga wa dattijo a ce "saura wata uku", wannan rashin tarbiyya ne, kuma ƙarya ce tunda ba wanda ya san ranar. Akwai ma wanda da kansa zai ce "ku yi magana da ɗana, ni ban son ji", kuma wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi. Amma tsakanin dukan ƙirji da ɓoyewa akwai fili mai faɗi, kuma harshenmu ya iya tafiya a cikinsa. Ana iya cewa, "Gwaggo, yaya kike ganin jikin nan?" a yi shiru a saurara. Ana iya cewa, "Likita ya ce ciwon ya yi nisa, maganin ga na rage shi ne, ba na cire shi ba. Me ya fi damunki? Ina kike son ki zauna?" Mutumin da addininsa ya umarce shi da rubuta wasiyya, da biyan bashi, da neman gafarar waɗanda ya ɓata wa, in aka ɓoye masa, an ƙwace masa damar yin su.

Ni sai bayan zagaye na biyar na yi ƙarfin hali. Hoto ya nuna hanta ta ƙara cika, likita ya kawo maganar sauya magani, Yaya ya ce a sauya. Da dare, bayan isha'i, na same ta a tsakar gida bisa tabarma, ta cire kallabi saboda zafi, kanta fes babu gashi ko ɗaya. Na zauna na fara kewaye-kewaye. Ta bar ni na yi ta yi, sannan ta ce:

"Ɗana, bar wahal da kanka. Tun ranar benci na sani. Likita ba ya kiran ɗiya shi bar mai ciwo waje in labari mai daɗi na."

Na ce, "To Gwaggo, don me ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Na ga kuna so. Na ce bari in sha, kar ku ce ba ku yi ba."

Wata biyar tana shan abin da ke kwantar da ita don ta lallashe mu, mu kuma muna sayar da tumakinta don mu lallashe ta. Da na tambaye ta abin da take so, ba ta yi dogon tunani ba, alamar ta daɗe da shirya amsar. A maishe ta gida kafin a gama girbi. A fanso gonar, kada a ƙara taɓa ko akuya. A samo mata abin da zai sa ta yi barci. A ce wa na Abija ya bar turo kuɗi, ya zo da kansa.

Da muka koma wa likita da wannan, mu uku a cikin ofis a karon farko, bai yi musu ba. Ina jin ma ya samu sauƙi. Ya rubuta morfin da maganin sassauta ciki, ya nuna wa ɗiyarta yadda za ta ƙirga awoyi, ya ce kada a matsa mata da abinci in ta ƙi, domin a wannan mataki jiki ne ke rufe ƙofa, ba yunwa ke kashe mutum ba, kuma ƙarin ruwan da dangi ke roƙo yana iya taruwa a ƙafa da ƙirji ya ƙara wuya. A jiƙa mata baki, a ba ta abin da ranta ke so ko cokali biyu ne.

Mako bakwai ta yi a gida. Ban ce sun yi daɗi duka ba. Maganin daga Yamai nake aikawa ta hannun direba, kuma sau ɗaya ya yanke kwana huɗu kafin in samu wani. Ɗiyarta har yau ba ta son a tuna mata waɗannan darare. Amma sauran kwanakin ana fito da ita ƙarƙashin rumfa da hantsi, tana jin ana sussuka, mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ta kira wadda suka yi shekara goma ba sa gaisawa saboda rikicin iyakar gona. Ta faɗi waɗanda take bi da waɗanda ke bin ta, har da kuɗin adashe da ba wanda ya san da su. Ta raba kwanoninta da bakinta.

Yaya ya iso saura kwana tara. Shi ya riƙa ɗaga ta yana ba ta ruwa da cokali. Har yanzu, in hira ta kawo, yakan ce da an gwada magani na biyun wataƙila da ta ga azumi. Wataƙila. Ni ma ban san amsar ba, likitan ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne da an gwada, da yana Abija yana neman kuɗin zagaye na shida.